Rasuwar Bahago, Mazarin Bene na Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan fili da na ware a gefenta domin fushi, nake sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta na sama da na ƙasa, da masu zaman benci a ƙofar shagon aski, rasuwar mazarina wanda aka fi sani da Bahago. Ya rasu ranar Talata da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a barandar gidanmu, yana da shekara uku da wata biyu a duniya. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi. Wanda ya kashe shi yana nan da ransa, yana da gashin baki, kuma yana auren autata.

Da yake surukina ne, ba dama in tsaya gabansa in faɗi abin da ke raina. In muka haɗu a matakala sai ya durƙusa, ni kuma in ce masa ya aiki, ya gida. Shi ya sa na rubuta. Zan manna ɗaya a ƙofar mai aski, ɗaya a gindin matakala, inda dole ya bi.

Ga wanda bai san marigayin ba, mazari sanda ce siririya mai ɗan nauyi a gindi, ana juya ta a iska ta murɗe gashin tunkiya ya zama zare. Wannan a taƙaice ke nan, kamar a ce da mutum nama ne da ƙashi.

Bahago ɗan gidan mutunci ne ta ɓangare ɗaya. Sandarsa ita ce wadda akun marigayi yayana ya tsaya a kai shekara goma sha tara cikin keji, har ƙafarsa ta goge ta ta yi sheƙi. Da akun ya mutu aka zubar da kejin, ni na tsince sandar, don ban taɓa iya wuce irin waɗannan abubuwa ba. Ina da gwangwani cike da makullan da ba su da kwaɗo, da madubin tabarau guda goma sha ɗaya duk na idon dama. A wajen akun, ina jin, Bahago ya gaji surutu. Ta ɗaya ɓangaren kuwa asalinsa da ɗan abin faɗa. Gululunsa, wato nauyin da ke gindinsa, dutsen sikeli ne na tagulla da na karɓe a hannun wani mahauci, zamanin da nake gyaran sikeli. Mahaucin ya huda shi ta ƙasa ya cika ramin da sabulu don ya riƙa tauye wa mutane nama. Na ajiye shi shekara ashirin ban san amfaninsa ba, sai ranar da na zura sandar aku cikin ramin ta zauna daram. Daga ranar dutsen nan bai sake cutar kowa ba. Na sha faɗa wa mutane wannan a matsayin abin lura, babu wanda ya lura.

Mutane na tambayata me ya kai tsoho kaɗi. Madubi ne. Wata rana ina zaune mai aski yana kankare mini ƙeya, sai na hango cikin madubinsa wata tsohuwa a barandar gidan da ke ƙetaren titi. Tana tsaye, hannu ɗaya sama riƙe da farin abu kamar gajimare, ƙasa kuma wata sanda tana juyawa ita kaɗai a iska, zare yana fitowa daga inda babu zare. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma shekara talatin da takwas ina auna kaya, na san ba a samun wani abu daga babu. Na kasa barci mai kyau. Na koma aski bayan kwana uku, sannan bayan kwana biyu. Mai aski ya ce, “Baba, wallahi babu abin da ya rage a kan nan sai tunani.” Na ce ya ci gaba da askin tunanin. Kunya ta hana ni juyawa in kalli matar mutane kai tsaye, don haka duk abin da na koya a madubi na koye shi. Kafin wata biyu tsohuwar ta tashi daga gidan, ban taɓa sanin sunanta ba, ita ma ba ta san ta yi ɗalibi ba.

Sai bayan shekara guda wani mai saƙa ya ɗauki zarena ya duba, ya kwashe da dariya. Ashe duk duniya dama suke murɗa mazari, ni kaɗai nake murɗa hagu, saboda madubi ya juya mini tsohuwar. Ya ce in gyara. Ban gyara ba, sai ma na raɗa wa mazarin suna Bahago. Zare bai damu da dama ko hagu ba, abu ɗaya yake nema: inda ka fara, nan za ka ci gaba. In ka murɗa hagu sannan ka juya dama, duk abin da ka ɗaura sai ya kwance, zare ya koma gashi. A riƙe wannan magana, za a buƙace ta in an zo bayanin kisan.

Marigayin ya kasance mai haƙuri. A watanninmu na farko ya faɗi ƙasa fiye da sau dubu, ba da laifinsa ba. Zare ya tsinke, sai a ji ƙwal a kan siminti, ya gangara ƙarƙashin kujera ya jira ni. Bai taɓa tsagewa ba, bai taɓa ɓuya inda hannu ba ya kaiwa ba. Ya jure gashin da ban wanke da kyau ba, mai maiƙo da wari, wanda mai tumaki na bayan gari yake ba ni a buhu yana girgiza kai. Ya jure zarena na farko, mai kauri nan, siriri can, kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai a jere. Wannan zaren na ba mai shara shi ranar da hannuna ya faɗa, don kada wani ya gani. Yau da zan same shi da na sumbace shi, dalili yana tafe.

Ya kasance mai magana, amma ba mai gulma ba. In gashi ya shiɓu da kyau, wato na taje shi tsakanin buroshin waya biyu har ya yi laushi, Bahago yakan ce furrrr, a hankali, kamar kyanwa ta ƙoshi. In na yi gaggawa ya ce gir-gir-gir yana rawa. In ya cika da zare muryarsa ta yi ƙasa, huuum, irin ta mutumin da ya ji labari ya gamsu. Na fi jin maganarsa a kan ta mutane da yawa.

Ya kasance mai son ziyara. Da na gano cewa tsawon hannuna ba ya isata, sai na riƙa tsayawa a bakin baranda in sake shi ya sauka yana juyawa, ya wuce igiyar shanya, ya wuce tagar tela na bene na ɗaya, har ya kusa taɓa rumfar mai aski, sannan in naɗo shi. Tela ya yi ƙarata wajen mai gida sau biyu, wai wani abu yana leƙa shi. Daga baya suka saba, har in bai ga Bahago ba yakan ɗago kai ya tambaya ko lafiya. Masu zaman benci kuwa shekara uku suna abu ɗaya. In na fito sai su ce, “Ga Inna ta fito kaɗi! Inna, a kaɗa mana na ɗankwali!” Ban manta da ko ɗaya cikinsu ba. Su ma an tanadar musu wuri a jana'iza.

Yanzu in faɗi aikin da marigayin ya mutu a kansa. Maiɗakina tana saƙar kwarashi tun kafin in aure ta. Jikokinmu goma sha ɗaya ne, kowanne da bargon da ta saƙa masa aka naɗe shi ranar da ya zo duniya. Autarmu tana da ciki na fari, saura wata huɗu. Watannin baya likitan ido ya gaya mana cewa hasken idon maiɗakina yana janyewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Muka dawo gida, muka kai gindin matakala. Nan ta ce, “Malam, na sha biyu shi ne na ƙarshe. Da zarenka zan yi shi, in ka ga dama ka daina wasa.” Tun ranar ni da Bahago ba mu huta ba. Dunƙule tara muka kaɗa, siriri sumul, wanda ko mai saƙar nan ya gani sai da ya yaba. Muna kan na goma ajali ya hawo bene da akwatin kayan aiki a hannu.

Sana'ar surukina kafa sandar labule ce. Shi ya ce a riƙa kiransa Injiniya, muka bi shi da haka don zaman lafiya. Mutum ne da ba ya iya ganin abu yana tafiya a hankali ya ƙyale shi. Ya taɓa gyara mana agogon bango, yanzu kullum yana gaban duniya da minti ashirin. Ranar Talata ya kawo matarsa ta gaida uwarta, ya same ni a baranda. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ya ce, “Baba, har yanzu kuna wannan wahalar?” Na ce ina yi. Sai cikina ya kira ni bayan gida. Na kwantar da Bahago cikin kwandonsa, na rufe shi da tsumma kamar kullum. Wannan ne kuskurena, kuma na amsa shi.

Abin da ya faru bayan nan daga bakin 'yata na ji, da bakin tela, da kunnena ta bayan ƙofa. Da farko Injiniya ya gwada da hannu. Minti biyar ya yi, ya kaɗa abin da bai fi kamu biyu ba, mai kauri kamar igiyar ɗaure akuya. Ya tsinke shi ya yar, ya ce wa matarsa, “Wannan aikin minti uku ne, tsofaffi ne ke mai da shi shekara.” Ta ce masa, “Don Allah ka ajiye wa Baba kayansa.” Ya ce, “Ke dai tsaya ki ga fasaha.” Ya buɗe akwati ya ɗauko injin huda bango, ya cusa gindin Bahago a bakin injin, ya ɗaure tamau.

A jikin injin nan akwai ɗan maɓalli. In ka tura shi nan ya juya dama, in ka tura shi can ya juya hagu. Na je na duba da idona daga baya. Da kisa da rai, tazarar ba ta fi faɗin farce ba. Mutumin da ya shekara biyu yana jin ana kiran mazarin nan Bahago, bai taɓa tambayar dalili ba. Dama ya danna.

Daga bayan gida na ji muryar da ban taɓa jin Bahago ya yi ba: wiiiiiii. Zaren kwana goma sha biyu ya riƙa fita ta kansa yana kwancewa, yana komawa gashi, yana tashi sama. Tela ya ce ya ɗauka katifa ce ta fashe. Abin da bai kwance ba ya naɗe igiyar shanya, ya ja, sandar ta lanƙwasa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙas. Gululun ya fita kamar harsashi ya faɗa bokitin mai aski.

Na fito ina riƙe da mazagin wando na tarar da Injiniya fari fat da gashi har gira, injin a hannu, guntun Bahago a bakin injin. Abin da ya fara ce mini, kuma ina so a rubuta a ajiye, shi ne: “Baba, katakon ne ba shi da ƙwari.” Sandar da ta ɗauki aku shekara goma sha tara. Na ce masa babu komai. A rayuwata ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba.

Marigayin ya bar gululu, amininsa, wanda aka tsamo daga ruwan sabulu da ɗan lotso a gefe. Ya bar buroshin waya biyu, da kwando, da tsumma, da rabin buhun gashi wankakke. Ya bar marayu tara, dunƙulen zaren da na ambata. Game da su akwai maganar da ta fi mutuwar ciwo, kuma da na so in ɓoye ta, amma sanarwa ba ta cika sai da gaskiya.

Washegari da safe ina zaune da gawar a cinya, maiɗakina tana sharar baranda, sai tsintsiya ta jawo mata guntun nan mai kauri da Injiniya ya yar. Ta ɗauka ta shafa, ta kai shi kusa da fuska, ta daɗe. Sannan ta ce, “Malam, wa ya kaɗa wannan?” Na ce makashin. Ta ce, “To wannan ina ganinsa.” Na ce me take nufi. Ta zauna a kan kujerar da ke gefena, abin da ba ta cika yi ba in akwai aiki. Ta ce, “Naka tun na huɗu na daina gani. In ka miƙo mini in ce ya yi kyau, da yatsa nake faɗa. Na rasa yadda zan gaya maka, kana ta murna yana ƙara sirancewa.”

Na ce sai in haɗa shida in murɗe su wuri ɗaya. Ta ce ta gwada a ɓoye, kwarashi yana shiga tsakaninsu ya rabe, ba ta ganin inda za ta fito da shi. Na ce to ni zan kaɗa mata mai kauri, wane abu ne mai wuya a mugun zare? Na fere wata sanda na sa gululu na gwada yini biyu. Yatsuna sun ƙi. In na saki gashi da yawa sai su tsuke da kansu, zare ya fito siriri sumul. Shekara uku na yi ina hora su, yanzu ba su san hanyar komawa ba. A duk gidan nan, a duk titin nan, hannu ɗaya ne ya lalace daidai yadda ake bukata, kuma shi ne hannun da ya kashe mini mazari.

Na yini ina tunanin wannan a baranda. Da farko na ga kamar duniya ce take mini dariya. Can wajen la'asar na ga ashe kyauta ce aka miƙo mini. Na daɗe ina neman hukuncin da ya dace da Injiniya. Na yi tunanin zuba gashi cikin injinsa. Na yi tunanin mai da masa agogon bango. Duk sun yi kaɗan. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, me ya fi masa zafi a kan aikin da ba a yinsa da sauri, a tsaye, a gaban jama'a? Na aika masa ta bakin matarsa cewa shi zai kaɗa zaren bargon, ita kuma ta ƙara nata gishirin. Ta ce masa, “Bargon ɗanka ka kashe. In aka haife shi babu na Mama, kai za ka yi masa bayani.” Ya amsa. Ba shi da wata hanya.

Ga yadda aka tsara jana'iza.

Za a yi ta ranar Asabar da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a barandar da abin ya faru. Gawar kashi biyu ce. Guntun ƙasa, wanda haƙoran injin suka tauna, za a binne shi cikin tukunyar fulawa ta kusurwa. Injiniya ne zai haƙa kabarin, da cokalin shayi. An hana shigowa da duk wani abu mai waya ko batir.

Dogon ɓangaren ba za a binne shi ba. A kansa akwai ɗan tsagin da na yanka don riƙe zare, maiɗakina ta shafa ta ce in aka ƙara zurfafa shi kwarashi ne, babba, irin wanda yatsa ke ji ko ido bai gani ba. Na gyara mata jiya, na goge da ɓallin kwalba. Bahago zai gama aikin da ya fara, ta ɗaya bakin.

Bayan binnewa za a miƙa wa Injiniya sabon mazari. Daga guntun sandar labulensa na fere shi, na sa masa gululun marigayi, don ya riƙa jin nauyin abin da ya yi. Zai tsaya a bakin baranda, fuskarsa ga titi, ya kaɗa. Hagu zai murɗa. Haka zai yi kullum in ya tashi aiki, har sai an sami dunƙule goma sha huɗu, ko a haihu, duk wanda ya riga, kuma ina ba shi shawara kada haihuwa ta riga.

Masu zaman benci, ga ranarku. Duk abin da kuka kira ni shekara uku na yafe, da sharaɗin ku mai da shi kansa ba ragi. Sunan Inna yanzu ba shi da mai shi. Tela, in ka ga sabon mazari ya sauko ta tagarka yana tangaɗi, kada ka tausaya masa.

Ba a bukatar kowa ya zo da komai. Roƙo ɗaya iyalan mamaci suke yi, kuma da gaske suke: kada wanda ya koya wa Injiniya kaɗi. Wanda ya ga ya riƙe gashi ba daidai ba ya kau da kai. Mai saƙa, kai musamman, kada ka hawo benen nan sai bayan wata huɗu. Ni kaina zan zauna a bayansa a kan kujera, ba zan ce masa uffan ba. In na ga zarensa ya fara yin kyau zan yi tari, ko in tambaye shi labarin agogo.

Maiɗakina ta riga ta fara. Da guntun nan kamu biyu ta yi ƙulli bakwai jiya da rana, tana ƙirgawa da ƙarfi, ta ɗaga su sama ta gan su duka bakwai. Sauran suna hannun surukina. Allah Ya ba shi lafiya da tsawon rai da ƙafafun tsayuwa, kada kuma Ya shiryi hannunsa sai an naɗe jaririn.

Mai sanarwa,
Tsohon mai gyaran sikeli, bene na biyu, ƙofar hagu.